Kama Da Wane Ba Ta Wane

A ɗakin Baba akwai wani hoto da aka ɗauka a 1981, a ƙofar wani ɗan gidan likita na ƙauye, arewa da Dakoro. Baba na tsaye cikin farar rigar aiki, ya kama hannun wata tsohuwa. Ba tsohuwar yake kallo ba, ba kuma mai hoton ba. Idonsa na kan tsintsiyar hannunsa ta hagu, inda wani ƙaton agogo yake ɗaure. Hoton baƙi da fari ne, saboda haka launin agogon daga bakin Inna na ji shi: fuskarsa rawaya ce kamar ƙwaiduwa, da zobe ja da shuɗi kewaye da ita.

Ni ne auta a gidanmu. An haife ni a 2001, agogon kuwa ya bar gidan tun 1994. Ban taɓa riƙe shi ba, ban taɓa jin motsinsa ba. Abin da na tarar kawai ɗabi'ar da ya bari. Har yau in aka kawo wa Baba jika mai zazzaɓi, sai ya ɗora yatsu biyu a jijiyar hannun yaron, ya juya tsintsiyarsa ta hagu ya duba, alhali babu komai a wurin sai fata. Ina yaro abin dariya yake ba ni. Da na girma sai ya koma yana sosa mani rai.

Shekarata ta farko a jami'a na samu ɗan aiki a wani shagon fotokopi kusa da makaranta. Da rana ina buga wa ɗalibai takardu, da dare in cika waya da caji in shiga intanet. Wani dare na ɗauki hoton hoton nan da salula, na faɗaɗa shi har ya fara rarrabewa. Na ga madannai biyu a gefen agogon, da ƙaramin da'ira guda ɗaya a ƙasan fuskarsa. Da wannan, da launin da Inna ta faɗa, na yi ta lalube har na gano shi: Seiko ne, mai injin da ake kira 6139, wanda kamfanin ya fito da shi a Japan a 1969. Wani ɗan sama jannatin Amurka, William Pogue, ya tafi da irinsa tashar Skylab a 1973, shi ya sa masu tara agogo ke kiran mai rawayar fuskar da sunansa. Na zauna a bakin katifa ina mamaki. Wato abin da wani ya ɗaura yana kewaya duniya a sama, shi Baba ya ɗaura yana kewaya ƙauyuka a kan babur.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan agogo shi ake kira kurono. Agogo biyu ne a gida ɗaya. Na farko yana faɗa maka ƙarfe nawa, kamar kowane agogo. Na biyu yana kwance yana jiran umarni: ka danna madannin sama, dogon siririn hannu ya tashi yana ƙirga daƙiƙu; ka sake dannawa ya tsaya cak; ka danna na ƙasa ya koma sifiri da tsalle ɗaya. Ƙananan da'irorin da ke fuskar su ke riƙe lissafin mintoci. Asalin sunan ma daga filin sukuwa ya fito. A 1821 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Rieussec ya ƙera wata na'ura don auna gudun dawaki a Paris, wadda ke ɗiga tawada a kan fuskarta duk lokacin da aka danna. Ma'anar kalmar ke nan, mai rubuta lokaci. Shi kuwa Baba bugun jini yake aunawa da nasa: ya danna, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu.

Daga daren nan ciwon ya kama ni. Na fara da neman irin na Baba, sai na tarar tsofaffin na can Turai da Amurka da Japan a hannun masu tarawa, da tsada, kuma da yawansu an yi masu ƴan dashe-dashe, fuska daga nan, hannu daga can. A nan ne na ci karo da wata kasuwa daban, ta sabon bugu. Kamfani zai koma ma'ajiyarsa ya ɗauko zanen agogon da ya yi shekara hamsin ko sittin da suka wuce, ya sake ƙera shi yau, sabo fil, da tsohuwar fuska. Heuer Carrera ta 1963 an sake bugo ta a 1996. Zenith ya sake fito da El Primero ɗinsa na 1969 a 2019, da agogon ya cika shekara hamsin. Seiko ma ya farfaɗo da sunan Speedtimer a 2021. Wasu har launin tsufa suke shafa wa lambobin tun daga masana'anta, wani ruwan ƙasa-ƙasa kamar takardar da ta daɗe a akwati, don sabo ya yi kama da wanda ya sha rana. Na haddace duk wannan fiye da yadda na haddace darasin da za a tambaye ni a jarrabawa.

Waɗannan manyan ba na ɗalibi ba ne, ko a mafarki. Amma kasuwar tana da bene-bene, kuma ni a ƙasan bene na shiga.

Na farko da na saya shi ne abin kunyata. A watan Maris na 2022 Omega da Swatch suka haɗa kai suka fito da MoonSwatch, mai batir, mai kamannin Speedmaster, agogon da Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969. Kuɗinsa a lokacin Yuro 250, wato kusan jika 164 na sefa, kuma mutane sun yi ta kwana a layi a biranen Turai don su samu. Ni kuwa bayan ƴan watanni na gan shi shimfiɗe a tebur a kasuwa, tsakanin tabarau da caja, a kan jika 15. Na san araha ba ta ado, amma son zuciya ya rufe mani ido. Sai da na isa ɗaki na danna madannin sama. Shiru. Na danna na ƙasa, sai kwanan wata ya motsa a wata ƴar taga da bai kamata ma a ce tana wurin ba. Ƙananan hannuwan da ke cikin da'irorin manna su aka yi. Ni da ke aikin fotokopi na fi kowa sanin abin da ke faruwa in ka yi kofi daga kofi: rubutu ya yi kauri, layi ya karkace, hoto ya koma gawayi. To wannan kofi ne na kofi, kuma da kuɗina.

Na biyu na wani ƙaramin kamfani ne, farar fuska da baƙaƙen da'irori biyu, irin yayin shekarun 1960. Batir ke tafiyar da shi, amma kuronon na gaskiya ne. Jika 45, na wata huɗu ina tarawa. A gefen fuskarsa akwai wasu lambobi da ke raguwa, 500, 300, 120, har zuwa 60, na auna gudun abin hawa. Lissafin ba wuya: awa ɗaya daƙiƙa 3600 ce, sai ka raba ta da daƙiƙun da ka yi kafin ka cinye kilomita ɗaya. Na taɓa ɗaukar ɗan kabu-kabu musamman muka hau hanyar Tibiri, na danna a dutsen kilomita na farko, na tsayar a na biyu. Daƙiƙa 60, gudu 60. Na ce ya ƙara wuta, muka yi 45, hannun ya nuna 80. Da muka tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, ai da ka tambaye ni da na hwaɗa maka, ga shi nan gabana shina nunawa." Na biya shi, ban ce uffan ba.

Da damina kuma na samu wani aikin. In walƙiya ta haska sai in danna, in aradu ta faɗi in tsayar. Ƙara na tafiyar kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa uku, saboda haka daƙiƙa 12 na nufin hadarin na nesa da kilomita huɗu. Abokan ɗakina suka laƙaba mani suna Agogo Sarkin Aiki. In na ce hadari ya kusa, sai su ce ai ko akuyar maƙwabta ta sani, ta riga ta shige zaure.

Amma dukansu biyun na batir ne, ni kuwa mai rai nake so, wanda in ka kara a kunne za ka ji yana numfashi. Sai na ƙyalla ido a kan Seagull 1963. Labarinsa shi ya kama ni. A farkon shekarun 1960 wata masana'anta a birnin Tianjin na ƙasar Sin ta sayi injinan ƙera wani kurono na Suwizalan mai suna Venus 175, ta yi wa matuƙan jiragen yaƙin ƙasar agogo da su. Bayan shekaru da dama aka sake bugo shi: fuska ruwan madara, lambobi ruwan zinari, jan tauraro a sama, da injin da sai ka murɗa masa kunne kowace safiya. A cikin kuronon da ba su aiki da batir, da wuya a samu mai sauƙin kuɗinsa. Akwai wani ɗan unguwarmu mai zuwa Sin saro kaya. Ya ce jika 130, har da ladan ɗawainiya.

A makon da zai tashi bursi ta sauka, ta watanni da aka daɗe ana jira. Ban kwana da ita ba. Na ƙara da abin da na tara a shago na kai masa.

Mako biyu bayan haka babban yayanmu ya tara mu a zaure. Dama mun san idon Baba na ja da baya: ya daina karatun Alƙur'ani da asuba sai na ka, kuma ya fara gane mu da murya. Likitan ido ya ce yana ce ta rufe duka biyun, kuma aiki zai iya buɗe su in an yi da wuri. Yaya ya karkasa kuɗin a kan kowa gwargwadon hali. Da ya zo kaina ya ce, "Auta, kai ɗalibi ne, jika 60 ta isa. Na ji an ce an biya ku."

Na ce, "Yaya, ba a biya ajinmu ba tukuna."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya dube ni kaɗan, ya ce Allah ya kawo, ya wuce ga na gaba. Inna na daga bayan labule tana ji.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da ɗan unguwarmu ya dawo bai same ni a waya ba, sai ya kai ƙunshin gida, ya miƙa wa Inna, har da bayanin cewa kuɗin sun cika cif, babu bashi tsakaninmu. Da na dawo da yamma na tarar da ɗan akwatin a kan tabarmar Baba, ba a buɗe ba. Inna ba ta ce mani komai ba. Ta ajiye mani tuwo ta koma ɗaki, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Baba ya ce, "Auta, zamna. Buɗe muna mu gani."

Mu gani, in ji shi. Na buɗe, hannuna na rawa, na sa masa a tafi. Ya shafa gilashin da babban yatsa, ya lalubo madannan biyu, sai na ga bakinsa ya motsa. Ya murɗa kunnen a hankali, ba tare da na gwada masa ba, ya kara agogon a kunnensa ya daɗe yana saurare.

"Wanga nawa ne shekarunshi?"

Na ce sabo ne, bana aka yi shi, amma zanen na 1963 ne. Tsoro ya sa na yi ta zuba. Na ba shi labarin Tianjin, na ba shi na ɗan sama jannatin da ya tafi da irin nasa. Na ba shi labarin Charles Vermot, ma'aikacin Zenith, wanda a tsakiyar shekarun 1970, da agogon batir ya ci kasuwa, masu kamfanin suka ce a watsar da kayan ƙera El Primero, shi kuwa ya kwashe su a ɓoye ya jibge a saman rufin masana'anta, sai bayan kusan shekara goma da aka dawo ana nema ya fito da su. Baba ya gyaɗa kai ya ce wannan mutum ya san darajar aikinsa. Daga ƙarshe na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce, "Baba, naka nike nema. Wanda ya ɓace. Na ga ba ni iya samunshi, shi ne nike ta sayen masu kama da shi."

Ya yi dariya har da tari.

"Wa ya ce maka ɓacewa ya yi? Agogona bai ɓace ba. Yayyenka sunka cinye shi."

Sai ya ba ni labarin da Inna ba ta taɓa ƙarasawa ba. A 1978 ya saye shi a Kano, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa ƙasa, albashi na zuwa a kan kari. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, ga ma'aikata na bin bashin albashi na watanni. Gida babu hatsi, yayata ta uku kuma na kwance. Ya cire agogon ya kai wa wani Alhaji, ya dawo da buhu biyu da maganin yarinya.

Na ce, "Ba ka ji zafi ba?"

"Na ji mana. Shekara goma sha shida muna tare. Kowane ƙarzane da ke jikinshi na san inda na samo shi. Akwai na ranar da babur ya kada ni cikin rairayi za ni wajen mai naƙuda. Akwai na ƙofar motar da munka ɗauki masu sanƙarau. Amma agogo don mutum anka yi shi, Auta. Ranar da na saida shi, ita ce ranar da ya fi yi mani aiki."

Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi nawa. Ya ɗora yatsu biyu a jijiyata, ya mayar mani da agogon a ɗaya hannun.

"Ni ba ni ganin hannunshi. Kai ka duba, ni in ƙirga. Danna."

Na danna. Siririn hannun ya tashi. Zauren ya yi tsit, sai kiran sallar isha daga nesa. Da ya kai 15 na ce, "Ya yi."

"Ashirin da bakwai," in ji Baba. "Sau huɗu, ɗari da takwas. Ko zazzaɓi gare ka, ko kuwa akwai abin da ka aikata." Ya sake mani hannu. "Tashi ka ci tuwonka."

Iyakar faɗan da ya yi mani ke nan.

Daren nan ban yi barci ba. Na jera su uku a kan akwatina ina kallo. Ba zan ce sabon bugu yaudara ba ne. Wanda ya ƙera Seagull ɗin nan ya yi aiki na gaske, kuma ba don irinsa ba, ɗalibi kamata ba zai taɓa ganin yadda waɗannan ƙananan ƙarafa ke cizon juna su saki ba. Wannan ɗan littafi da ke hannunka ma fotokopi ne, kuma ba don injin kofi ba da ba ka karanta mu ba. Kofi na kai abu inda asalin ba zai je ba. Sai dai abin da ake sayar maka tare da agogon, wato labarin matuƙin jirgi da ɗan sama jannati da direban tseren mota, na wasu ne. Ana iya sake buga fuska da lambobi da jan tauraro, har da launin tsufa, amma ba a iya buga rairayin arewacin Dakoro. Ni na ɗauka gadon Baba shi ne abin da ke ɗaure a hannunsa cikin hoton nan. Ban lura ba cewa a ɗaya hannun yana riƙe da tsohuwa.

Da safe na fita neman mai saye. A nan na koyi darasi na ƙarshe na wannan kasuwa. Tsohon agogo na asali kan ƙara kuɗi da shekaru, har an taɓa sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a kan Dalar Amurka miliyan 17.8 a 2017. Sabon bugu irin nawa kuwa da ka buɗe akwatin ya faɗi, tunda gobe ma masana'anta za ta ƙera wani. Wani ɗan kasuwa mai sha'awar irin waɗannan ya karɓi Seagull a jika 90, bayan ciniki mai tsawo. Mai farar fuskar wani abokin karatuna ya ɗauka a jika 25, biya biyu. Na jabun kuwa babu wanda ya taya ko dala. Na kai wa Yaya jika 100. Ya ƙirga, ya dube ni, ya ce, "Ashe an biya ajinku." Na ce an biya. Inna daga madafa ta ce, ba da ni take ba, da tukunya take, "Ɗan gidansu ne. Haka ubansa ya yi."

An yi wa Baba aikin ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire bandejin na farko ina cikin waɗanda ke tsaye. Ya dubi Inna ya ce ta tsufa ba ta faɗa masa ba. Ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yana haɗa murya da fuska. Da ya zo kaina sai idonsa ya sauka a tsintsiyar hannuna, inda na ɗaura jabun nan, don shi kaɗai ya rage.

"Ina mai jan tauraron? Ina son in ga abin da na ji."

Na ce, "Baba, ka cinye shi."

Ya yi shiru yana kallona da sabon idon nan mai ruwa-ruwa. Sannan ya ce in matso. Ya kama hannuna, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar, ya juya tsintsiyarsa ta hagu ya duba.